Rarar Inci Biyu

Babanmu tela ne, amma ba irin telan da ake kai wa sabon yadi ana lallaɓa shi ba. Shi gyara yake yi: wandon da ya matse, rigar da ta yi yawa, zif ɗin da ya ƙi hawa, aljihun da mukulli ya huda. Shagonsa yana layi na uku a bayan kasuwa, tsakanin mai sayar da maɓalli da mai gyaran fanka. Idan ka tsaya a tsakiya ka miƙa hannuwanka, za ka taɓa bango da bango. Na gwada. A ciki akwai keken ɗinki ɗaya baƙi, na ƙafa, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, sai tebur, sai dutsen guga, sai bencin da zai ɗauki mutum biyu idan suna shiri da juna.

Duk layin ba mai kiransa da sunansa. Inci-Biyu ake ce masa. Dalili kuwa, duk ranar da aka yi kuskure aka ba shi sabon ɗinki, sai ya naɗe rarar inci biyu a cikin kowace haɗa. Idan mai kaya ya yi ƙorafin an ci masa yadi, Baba ya ce, "Jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bana kai ne siriri, baɗi Allah kaɗai ya sani." Idan kuma gyara aka kawo, kafin ya kalli fuskar mai kayan sai ya juya rigar bai-bai, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya gyaɗa kai ya ce, "Akwai rara."

Wannan ba a ɗinki kaɗai ya tsaya ba. Baba ya yarda cewa duk mai sana'ar kirki yana barin rara a aikinsa, faɗa maka ne dai ba zai yi ba. Magini yana bari, mai yin taya yana bari. Kwanan watan da ake bugawa a gwangwanin madara ma, in ji shi, akwai wata guda a naɗe a ciki.

Mu biyu ya haifa. Ni ne auta, kuma ni ne wanda ba a sa ran komai daga gare shi, abin da ya sauƙaƙa mini rayuwa ƙwarai. Na tsaya a aji huɗu na sakandare. Na yi wankin mota, na yi dako, na yi kwana tara a gidan burodi kafin su gane ni da burodi ba za a bar mu ɗaki ɗaya ba. Yayana shi ne abin nunawa. Ya ba ni shekara bakwai, yana karatun lantarki a kwaleji, tun bai gama ba unguwa ta sa masa Injiniya. Rediyon da ya mutu tun kafin a haife shi, idan ya taɓa sai ya yi tari ya tashi.

Yana da ashirin da biyu abin ya fara. Da farko ƙwan fitilar ɗakinmu ya cire, ya ce ta ciki ake sauraronmu. Na yi dariya, na ce wa zai ɓata wutarsa yana sauraron munsharina. Bayan mako guda ya naɗe mitar gida da bargo. Ya daina wanka, ya daina cin abin da bai ga an dafa a gabansa ba, yana amsa wa mutanen da babu su a ɗakin, har yana ba su haƙuri. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, wannan kam a rubuta. Tsoro ne kawai ya cika shi, irin wanda ban taɓa gani a idon babban mutum ba.

Mun zaga duk inda ake zagawa, kowa ya karɓi nasa ya ce a dawo. A wannan zagayen ɗaya keken ɗinkin Baba, na lantarki, ya tafi, kuɗin jarrabawata ya bi shi, Inna kuma ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Sai a shekara ta biyu muka isa asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ta saurare mu, ta ce sunan ciwon sikizofireniya.

Na ce, "Likita, wannan suna ai sai an hau mota daga farkonsa zuwa ƙarshensa."

Baba ya ranƙwashe ni. Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a warkewa kamar zazzaɓi, amma ana riƙe shi, muddin ba a saki magani ba.

An fara da ƙwaya. Yaya yana ɓoye ta a ƙarƙashin harshe, daga baya muka tsinci tuli a cikin katifa. Sai aka koma allura, sau ɗaya duk mako huɗu. Kwana ashirin da takwas. Mu saya a kantin magani, mu kai ƙaramin asibitin da ke ƙarshen titinmu a yi masa, duk wata uku kuma mu koma wurin Likita.

Kuma Yaya ya dawo. Ba duka ba. Ya yi ƙiba, yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu, hannunsa yana rawa, barcinsa kuwa sai ka yi ta girgiza shi. Amma ya dawo yana gane mu, yana wanka, yana ce mini mara kunya. Baba ya fara zuwa da shi shago, ya ba shi aikin farke ɗinki. Yana zama a kan benci da reza, a hankali, zare bayan zare, bai taɓa yanka kayan mutum ba ko sau ɗaya. Mai Maɓalli, maƙwabcinmu na dama, yakan leƙo ya ce, "Injiniya, an koma injiniyan wando?" Yaya ya yi murmushi ya ce, "Zare ma waya ce, Kawu, ba ta dai ja."

Baba ba ya lissafin allurar nan da kuɗi. Da wando yake yi. Lokacin da aka fara, kwalba ɗaya kalmasar ƙafar wando talatin ce. Kwalbar da ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Ga ƙwayar da ke hana jiki sandarewa, ga kuɗin mota, ga ranar ganin Likita da ake rufe shago tun safe har la'asar ana layi. Bayan shekara biyu ta zama wando hamsin. Bayan wata shekarar, saba'in. Kalmasa kuwa tana nan inda take, domin mai kawo tsohon wando ba mai kuɗi ba ne, idan ka ƙara masa sisi sai ya naɗe ƙafar da hannu ya yi gaba.

Shekara biyar Baba bai kwana a wani gari ba. Ƙaninsa ya rasu, ya je da safe ya dawo da yamma. Dangi suna zuwa da farko, kowa da shawararsa a aljihu, ita kaɗai ce ba sa rowa. Daga baya suka koma gaishe mu ta waya, daga baya wayar ma ta gaji.

Wata rana wani ƙarfe ya karye a cikin keke, gyaran ya cinye rabin abin da aka tara. Ranar allura ta zo ta wuce. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Baba bai iya cin abinci ba, idonsa na kan Yaya kamar mai gadin madara a kan wuta. Ba abin da ya faru. A rana ta biyar aka yi allurar. Muna dawowa, Yaya na gaba muna baya, Baba ya riƙo hannuna ya rage murya.

"Auta, ka gani?"

"Me na gani?"

"Akwai rara."

Na ce, "Baba, Yaya fa ba wando ba ne."

"Rufe mini baki. Likita ba mai sana'a ba ce? Kana tsammani za ta yanka daidai jiki? Ta ce ashirin da takwas don ta san halin mutane. Ni ma inci biyun nan, gaya musu nake yi?"

Bai yi gaggawa ba, domin Baba ba ya sakin ɗinki gaba ɗaya. Rabin inci yake saki, a gwada, a ga yadda ya zauna. Ya ɗauki allin awo ya fara zana layuka a bangon bayan keke. Wata na farko, talatin da biyu. Na biyu, talatin da biyar. Ya tsaya a nan sau biyu ya ga ya zauna, sai ya tafi talatin da takwas, sai arba'in da biyu.

Abin da ya ƙara ruɗa mu, Yaya ya fi kyan gani a kwanakin rarar. Rawar hannun ta ragu, yana tashi da wuri, har ya gyara wa mai gyaran fanka wata fankar da ta gagare shi. Baba yana kallonsa yana kallona, yana ɗaga gira, wato ka ga abin da nake faɗa.

Ni kuma in faɗi nawa, tunda ni ke rubutun. Da abin da aka rage Baba ya saya mini takalmi mai igiya, ya biya mini kuɗin koyon tuƙi. Na san daga inda kuɗin ya fito, na sa hannu biyu na karɓa. Ranar da nas ɗin ƙaramin asibiti ta duba kati ta ce, "Baba, kwanakin nan ba su yi daidai ba fa," Baba ya sunkuyar da kai, domin shi bai iya ƙarya ba. Ni na iya. Na ce, "Tafiya muka yi, Sista, an yi masa a can." Ta kalli layin mutanen da ke bayanmu, ta ce to, ta fasa kwalba.

Wata bakwai muka yi a haka.

Sai babban aiki ya zo, irin wanda Baba bai gani ba tun ina firamare. Wata makarantar kuɗi ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai, riga da wando saiti sittin, yadin nasu ne. Baba ya yi mako uku yana taka keke har ƙafarsa ta kumbura. Kowace riga ya naɗe mata inci biyunta, ya ce yara ne, kafin zango ya ƙare sun ƙara tsawo. Layukan bango sun kai arba'in da biyu, suka wuce. Ya ce a kai kaya a karɓi kuɗi, sai a sayi kwalba biyu ma a ajiye.

A makon ƙarshe Yaya ya ce a kashe fanka, tana surutu. Muka kashe. Washegari na gan shi yana kallon ƙwan fitilar shago, ya daɗe. Ya ɗauki rigar wani yaro, ya juya ta, ya bi haɗar da yatsa yadda Baba ke yi.

"Baba, me ake sakawa a cikin nan?"

"Rara ce, Injiniya. Yau ka fara gani?"

"Ta yi kauri."

"Yadin ne mai kauri."

Na ce, "Yaya, tsoronka kar a ɓoye maka gadonka a ciki?" Bai ce mini mara kunya ba. A nan ya kamata in yi ihu. Ban yi ba.

Ana gobe za a kai kaya, rana ta arba'in da shida, maɓallin Mai Maɓalli ya ƙare, saura riga goma sha biyu ba a sa musu ba. Baba ya ce in raka shi babbar kasuwar ƙetaren gari, ni ke da ƙafar kutsawa. Muka bar Yaya da guga wajen ƙarfe goma. Ƙarfe ɗaya da rabi muka dawo, muka tarar da ƙofar shago a rufe ta ciki, Mai Maɓalli yana tsaye yana murza hannu.

"Inci-Biyu, tun ɗazu nake bugawa. Ba na jin komai sai almakashi."

Baba ya ƙwanƙwasa a hankali. "Injiniya, ni ne."

Ya buɗe. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya sauke kaya. Bai hargitsa komai ba. Hannuwan riga suna gefe guda a jere, gaba da baya a gefe guda, ƙafafun wando a nasu tulin. Ya bi kowace haɗa da almakashi, daidai kan ɗinkin, ya yanke rarar ya fitar. Dogayen ƙyallayen ya tsoma su a bokitin ruwan guga, ya ɗora dutsen guga a kai. Saiti arba'in da ɗaya ya gama da su.

"Na ciro su, Baba," ya ce. "Ta nan suke ji. Yaran mutane ne za su saka, ƙanana. Ba zan bari a sa musu ba. Saura goma sha tara, hannuna ne ya gaji."

Baba ya ɗauki gaban wata riga ya ɗaga. Ko an sake haɗawa, ba za ta shiga yaron da aka auna ba, sai dai ƙaninsa na goye. Ya ajiye. Ya miƙa hannu, Yaya ya ɗora masa almakashin a tafi.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji Baba. "Zauna ka huta. Ni zan ƙarasa."



Kwana ashirin da shida Yaya ya yi a kwance a asibiti. Ya daina gane Baba na ɗan lokaci, yana cewa an canza shi da wani mai kama da shi. Baba yana zaune a baranda kullum, da kwanon abincin da ake dawo masa da shi ba a taɓa ba. A rana ta biyu Likita ta kira mu ofis. Ita ma idonta duk gajiya, fayil sun kai mata kafaɗa.

"Baba, yaushe aka yi masa ta ƙarshe?"

Na buɗe baki zan yi sana'ata, Baba ya dafa gwiwata. Ya jero mata duka, talatin da biyu, talatin da biyar, har zuwa arba'in da shida, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Me ya sa?"

"Ranki ya daɗe, na ga kamar kin bar rara a ciki."

Sai da na yi mata bayanin rara. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Babu rara, Baba. Abin da ka gani, sauran na baya ne yake ƙarewa a jikinsa a hankali. Kana jinkirtawa yana raguwa, har ya kai inda ba zai riƙe shi ba. Kuma duk lokacin da ciwon ya tashi haka, ba lallai mutum ya koma daidai inda yake ba."

Ta tambaye shi nawa yake samu a wata. Ya faɗa mata da wando. Ta rubuta wani abu a fayil, ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi.

Mai makaranta ya ce a mayar masa da yadinsa, kuma da gaskiyarsa. Gadon asibiti na kwana ashirin da shida ya cinye abin da aka rage a wata bakwai, ya nemi ƙari har sau biyar. Keke ya tafi. Mutum biyu suka ɗauke shi da safe, ya bar ramuka huɗu a siminti inda ƙafafunsa suka yi shekara talatin da wani abu. Mai gyaran fanka ya fasa bango ya haɗe shagon da nasa, ya shafe layukan allin da fenti. Na kai takalmina kasuwa, mai saye ya juya shi ya ce ko kyauta sai ya yi shawara.

Yanzu shekara guda ke nan. Yaya yana gida. Likita ta yi gaskiya, bai koma inda yake ba. Yana wuni a bakin ƙofa yana kallon titi, maganarsa ba ta wuce biyar a rana. Wani lokaci ya ɗago ya ce, "Yaran sun samu kayansu?" Baba ya ce sun samu. Ni ina tuƙa motar raba ruwan leda, wata takwas a wuri ɗaya, abin da ya kamata a ba ni lambar yabo a kai. Rabin albashina yana tafiya kantin magani. Baba kuma yana zuwa shagon wani tsohon yaronsa da shi ya koya wa riƙe almakashi, yana hawa kekensa daga azahar zuwa yamma, a raba abin da aka samu biyu. Kwalba ta kai wando tamanin da biyar. Amma ranar ashirin da takwas, ko ruwa ake yi ko rana, ƙarfe takwas muna bakin ƙaramin asibiti. Ba a ƙara ko awa ɗaya ba.

Na daɗe ina mamakin yadda lissafin yake cika, domin na iya haɗa lamba ko da ban gama makaranta ba, kuma ba ya haɗuwa. Makon jiya na biya ta shagon, mai shagon ya ja ni gefe.

"Auta, wai me kuke ba Baba a gida da ba ya taɓa abincin rana a nan? Kullum na saya sai ya ce a ƙoshe yake, in ba shi kuɗin kawai ya ci anjima."

A gida kuwa, kullum cewa yake ya ci a shago, mu cinye.

Jiya na tashi aiki da wuri. Na tarar da Baba zaune a tabarma da zane a ƙugu, wandonsa na fita a kan cinya, a juye bai-bai, yana ɗinke bayan ƙugun da hannu. Yaya na bakin ƙofa. Na tsuguna kamar zan kwance takalmi, na leƙa. Layin tsohon ɗinki uku na ƙirga, kowanne ya fi na baya shigewa ciki. Wannan na huɗu ne.

"Baba, karo na nawa ke nan?"

"Wandon ne ya saki. Yadin yanzu ba shi da amana."

"Wandon nan ya girmi Yaya fa."

"To tsufa ne. Kai ma za ka saki."

Na ce, "A haka dai wata rana iska za ta ɗauke ka, mu bi ka da mota muna roƙon a sauko mana da kai." Na jira ranƙwashi. Bai zo ba. Ya ciji zare, ya kwantar da yadin da ya yi yawa gefe da gefe a ciki, ya danne da babban yatsa. Ya kai inci huɗu.

"Ba za ka yanke wannan ba? Zai dame ka a baya."

"A'a," ya ce. "A bar shi. Jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Na tashi na zuba shinkafar da ta rage a kwano, na ajiye a gabansa, na ce ni na ci a wurin aiki. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya san ƙaryata tun ina rarrafe. Ya raba shinkafar biyu da cokali, ya tura rabi wajen Yaya, rabin ya rufe da faranti ya ce na safe ne.

"Gobe ashirin da takwas," ya ce. "Ka tashe shi da wuri, ka san nauyin barcinsa."